In likita bai zo ƙauye ba, wa ke riƙe da mara lafiya?

Sista Rabi:
Assalamu alaikum. Kwana biyu ana ta maganar ƙarancin likitoci a zauren nan, kuma kusan kowa bakinsa ɗaya: a ɗauki likitoci a tura ƙauye. Ni ina da ja. Jihar nan tamu ta Sakkwato ƙananan hukumomi 23 gare ta, mazaɓu 244. Ko gobe aka ce kowace mazaɓa a kai mata likita, daga ina za a kwaso su? Na cikin gari ma rabin hankalinsu na kan takardun Saudiyya da Ingila. Wa zai kwashi iyalinsa ya tare a Balle ko Kebbe?

Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna matan da ke haihuwa a asibiti a Sakkwato ba su kai 10 cikin 100 ba. Sauran suna ɗaka, hannun ungozoma ko uwar miji, wasu ma su kaɗai saboda kunya, sai an ji kukan jariri a shigo. To wannan matar in jini ya ɓalle mata ƙarfe biyun dare, ba likita ne mutum na farko da take bukata ba. Tana bukatar ungozomar da ta san wannan jinin ya wuce na biƙi, da mijin da ba zai ce a bari gari ya waye ba, da direban da zai ɗaga waya, da malamin asibitin da zai sa mata ruwa ya rubuta takarda, sannan can babban asibiti a san tana tafe, a fara neman jini kafin ta iso.

Duk mutanen nan muna da su yanzu haka. Abin da babu shi ne sanin juna. Ungozoma ba ta da lambar malamin asibiti, malamin asibiti bai san sunan likitan da yake tura wa mutane ba, likita bai taɓa taka ƙauyen ba. Kowa na aikinsa, mara lafiya na faɗuwa a tsakani. Shawarata a daina jiran likita, a haɗa waɗannan su zama ayari ɗaya a kowace mazaɓa, kowa ya san iyakarsa, ya kuma san wa zai miƙa wa. Masu ja su fito.

Dakta Nasiru:
Wa alaikumus salam. Sista, maganar na da daɗin ji, amma mu da muke karɓar abin da ya lalace ba haka muke ganin ta ba. A kawo maka mace mahaifa ta fashe, ka tambaya, a ce an yi mata allurar naƙuda a gida don haihuwa ta yi sauri. Wa ya yi? Wani da ya taɓa zama a asibiti ya ga ana yi. A kawo yaro an ɗura masa ruwa leda uku alhali tamowa ke gare shi, zuciyarsa ba za ta ɗauka ba. Duk da sunan taimako.

Tsarin raba aiki da Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta fitar a 2014 ya yarda malaman lafiya na matakin farko su karɓi haihuwa, su ba mai jijjiga allurar farko ta magnesiyam salfet kafin su tura ta. Ban ƙi ba. Amma da sharaɗi aka yarda: horo, da mai duba aiki a kai a kai. Mun ɗauki rabin da ya yi mana daɗi mun bar ɗayan. In babu mai dubawa, abin da za ki samu kowa likitan kansa ne.

Aliyu Incaji:
Dakta, Allah ya ba ka haƙuri, bari in faɗa maka yadda abin yake daga wajenmu. Ni kaɗai ne ma'aikacin gwamnati a asibitina, sai wata yarinya 'yar sa-kai da maigadi. Ranar rigakafi ni ne mai allura, ni ne mai awon ciki, ni ne mai ba da magani, ni ne mai cika rajista, kuma rajistar ba ɗaya ba ce, kowace ƙungiya da ta shigo da nata littafin take zuwa. In na ga abu ya fi ƙarfina ina turawa, wallahi ina turawa.

Amma ka san me ke faruwa? In zauna in rubuta takarda tsaf: awon jininta kaza, na ba ta kaza da ƙarfe kaza. Su isa wani babban asibiti, wanda ya karɓe su ko buɗe takardar ba zai yi ba, ko kuma ya duba ya ce, gaban miji da dangi, "Wane ne ya yi wannan shirmen?" Mutanen nan ƙauyena za su dawo. Gobe in na ce wa wani ya tafi gari, sai ya ce ai an ce ban san aiki ba, ko ya ce in dai can ne gara ya mutu a ɗakinsa. Kuma har yau ba a taɓa maido mini da ko layi biyu ba a ce ga abin da aka samu, ga maganin da za ta ci gaba da sha. Sai dai in ji a bakin mutane, ko in ga ana zaman makoki. Ta ina zan ƙaru?

Sista Rabi:
Malam Aliyu ya taɓo inda ke ciwo. Takarda na tafiya, amsa ba ta dawowa.

Malam Bashar:
Ni malamin makaranta ne, ban san allura ba, amma ku bar ni in faɗi abin da ke raina. Duk wannan tsari da kuke yabo, talaka ake yi wa shi. Mai hali in kansa ya yi ciwo sai Abuja, in ya ƙi sai Alƙahira ko Indiya. Ɗan ƙauye kuma a ce masa ya yi haƙuri da 'yar sa-kai da ungozoma da direba. Ina adalci a nan? Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a 2022 Sakkwato ce kan gaba a talauci mai fuskoki da yawa, kusan mutum 90 cikin 100. A Abuja aka zauna a 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawarin kashi 15 na kasafi ga lafiya, Gwamnatin Tarayya ba ta taɓa cika shi ba. Tsorona, in muka ce ga dabara mai arha, mun ba su hujjar da za su ƙara naɗe hannu.

Baba Sani Mai Ritaya:
Bashar ɗana, tsoronka na kan hanya, amma ka ɗauki abin a kaikaice. Wa ya ce maka aikin haɗin gwiwa na talaka ne? Je ka asibitin Noma, cutar nan mai cin fuskar yara, da ke nan cikin gari ka gani, wanda aka buɗe 1999, ƙungiyar likitocin MSF ke taimaka masa tun 2014. Likitan da ke gyaran fuskar yaro ƙwararre ne na ƙarshe, amma ba ya taɓa yaron sai masu abinci sun tayar da shi ya yi ƙarfi. Bayan aiki ga nas, ga mai koya masa buɗe baki da tauna, ga mai zama da shi da uwarsa yana kwantar musu da hankali, ga masu shiga ƙauyuka nemo waɗanda aka ɓoye a ɗaka. Cire mutum ɗaya cikinsu ka ga ko wuƙar likita za ta yi amfani.

Kuma ita cutar, da dasashi take farawa: kumburi, wari, jini. A wannan lokacin maganin kashe ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci mai kyau sun isa su tsayar da ita, abin da Aliyu zai iya yi a asibitinsa. In an bari kwanaki kaɗan ta ci kunci. To yaron Gada ko Tangaza, wa ya fi yi masa adalci, wanda ya buɗe bakinsa ya duba a ranar awon tamowa, ko wanda ya yi masa alkawarin likitan da ba zai zo ba? Sai a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, kuma Najeriya ce ta ja gaban neman.

Mu da muka yi aiki zamanin Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, daga 1985 zuwa 1992 yana minista, wannan karatun muka sha. Abin da aka amince da shi a taron lafiya na duniya a birnin Alma-Ata a 1978 shi ya ɗauko: lafiya ta fara daga inda mutane suke. Har duba-gari yana cikin lissafi, don shi ke hana amai da gudawa tun daga bakin rijiya. Ba sabon abu Rabi ta kawo ba, abin da muka yar ne.

Malam Bashar:
Na ji, Baba. Amma asibitin da ka kawo misali da shi akwai kuɗin waje a ciki. Maganata ke nan.

Baba Sani Mai Ritaya:
Wannan kuma ban musa maka ba.

Hajiya Kulu:
Tunda an zo maganar kuɗi bari in shigo, don mu aka yi abin da mu. A 2013 gwamnatin jihar nan, lokacin Wamakko, ta sayi man cibiya na kilohekzidin da ƙwayar misofrostol mai tsayar da jini aka raba har ƙauyuka, kuma Sakkwato ce ta fara a duk Najeriya. Kowace mazaɓa an ɗauki mata 'yan sa-kai, an kuma zaɓi amintattun mutane da ke ajiye maganin. Mu muna bin gida gida muna rubuta masu ciki. Naƙuda na tashi, miji ko wani ɗan gida ya ruga ya karɓo. Ƙwaya uku, a sha bayan jariri ya fito, bayan an shafa ciki an tabbata babu na biyu. Cibiya kuma a shafa mata man, a bar toka da gashi da tsumma mai zafi da man goge baki.

Abin da ya sa ya karɓu, ba daga sama aka jefo shi ba. An zauna da hakimai da limamai, an zauna da ungozomomi. Tsohuwar da ake tsoron za ta ƙi, ita ce ta koma tana aiko jikarta ta kira ni. Da an ce mata ta matsa gefe ga masu boko sun zo, da har yau tana ɓoye mana haihuwa.

Amma ga inda Malam Bashar ke da gaskiya. Sa-kai na da iyaka. Mace ta bar surfenta da 'yar sana'arta ta yini cikin rana, in masu tallafi suka naɗe tabarmarsu sai ɗan abin da ake ba ta ya tsaya. An ƙaddamar da shirin CHIPS na masu aikin lafiya a cikin al'umma a 2018 don a haɗe irinmu wuri ɗaya, mun ji daɗi. Ni dai abin da na sani, wadda ba a biya ba za ka riƙe ta da lissafin aiki ba. Kunyarka kawai take ji.

Zainab Ɗaliba:
Ina wuni iyayena. Ni ɗaliba ce a kwalejin kiwon lafiya ta Gwadabawa. An koya mana yadda Habasha ta yi tun 2003: kowane ƙauye mata biyu, 'yan asalin wurin, a horar da su shekara guda, a mayar da su gida, kuma albashi ake ba su, ma'aikatan gwamnati ne. Tambayata, me zai hana mu? A ƙauyenmu maza da yawa ba sa barin matansu zuwa awo in namiji ne a asibitin. Wadda aka turo daga gari kuma ba ta kwana, ƙarfe biyu ta hau mota, kuma ban ga laifinta ba: ɗakin ma'aikata ba ƙofar kirki, ba katanga, ba ruwa. Haihuwa kuwa ta fi zuwa da dare.

Sista Rabi:
Zainab 'yata, abin da zai hana mu yana can baya, a aji uku na ƙaramar sakandare, inda ake cire yarinya. Makarantarku na neman kiredit biyar. Mazaɓar da ba ta fitar da yarinya mai kiredit biyar ba, ba ta da 'yar da za a mayar mata. Shirin tura ungozomomi karkara da aka fara a 2009 baƙi ya kai, da yawa ko Hausa ba su ji sosai, da alawus ya fara tangarɗa suka koma garuruwansu. Ke da kika samu kika shiga, ki gama ki koma, ki kuma ja ƙannenki.

Alhaji Ummaru Direba:
Salamu alaikum. Ni direba na, ban yi boko mai nisa ba, amma duk abin ga da kuka hwaɗi cikin motata shika ƙarewa. Ku zo tasha ku ga aiki: ga kamasho, ga mai rubutu, ga yaran mota, ga direba, ga bakanike. In mota ta tashi Illela, kahin ta iso an san hwasinja nawa ta ɗauko. Mu da anka ce ba mu da ilimi mun iya wanga, ku mi ya hana ku?

Ƙungiyarmu ta direbobi ta yi aikin ɗaukar mata masu naƙuda a jihohin Arewa da dama, kuɗɗin mai kawai aka biya, direba kuma a ba shi lodi ba layi don a saka mai. Tsari na mai kyau. Amma tun da anka cire tallahin mai a 2023, mutum shi tashe ka tsakad dare, ka kai matatai, ka dawo, shi ce Allah shi saka. Allah na sakawa, amma gidan mai ba su karɓar wagga. Sannan gabas, Isa da Sabon Birni da wajajen Rabah, wa za shi hau hanya bayan isha'i? Ko ɗiyata ta, sai na yi tunani. A can dole abin da za a yi ma mace a iya yin shi cikin gari nata har sahiya ta waye.

Dakta Nasiru:
Alhaji ya kawo abin da ya fi duk abin da muka faɗa nauyi. A Satumbar 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar nan saboda tsaro. Duk tsarin da ya dogara kan "a kira likita" ya mutu a lokacin. Don haka na yarda malamin asibiti a irin wuraren nan sai ya iya riƙe mace awa shida, takwas. Wannan kuwa ya ƙara ƙarfafa maganata ta horo, bai rage ta ba.

Sista Rabi:
To bari in ba ka misalin da za ka so, Dakta, tunda na asibiti ne. Binciken E-MOTIVE da aka fitar a 2023, an yi shi a asibitoci kusan 80 a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero na cikin jagororinsa. Ba sabon magani suka ƙirƙiro ba. Leda ce mai ma'auni ake shimfiɗa wa mace bayan ta haihu, jinin na taruwa ana ganin adadinsa, maimakon a kalli zane a yi kirdado. Da ya kai inda aka sa alama, ba a bin matakai ɗaya bayan ɗaya ana jira a ga ko wannan zai yi. Gaba ɗaya ake yi: a murza mahaifa, a ba da allurar oksitosin mai sa mahaifa ta tsuke, a ba da allurar tiranekzamik mai rage zubar jini, a sa ruwa, a duba ko akwai yagewa ko ragowar mabiyiya. Mummunan zubar jini da abin da ke biyo bayansa ya ragu da kusan kashi 60 cikin 100.

Yanzu ka faɗa mini, ungozoma ɗaya da tocila a baki, hannu ɗaya kan cikin mace, da wane hannun za ta nemi jijiya? Dole akwai na biyu. Ko 'yar sa-kai ce aka koya mata murza mahaifa da riƙe fitila da kallon agogo, ta wadatar da ni a wannan daren.

Hadiza Famasis:
Ku ƙara da wannan. Oksitosin sanyi yake so, tsakanin digiri 2 zuwa 8. Garin nan a watan Afrilu zafi na haura 40. Allurar da ta yi wata uku cikin durowa a wannan zafin ƙarfinta na iya raguwa, a yi wa mace ita jini ya ƙi tsayawa a ce ajali. Alhali a ɗakin da ke kusa ga firij mai sola na rigakafi yana aiki. Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun ce a iya ajiye oksitosin a cikinsa in an yi masa alama an ware shi. Amma na sha zuwa duba magani in tarar firij a kulle, makulli na aljihun mai rigakafi, shi kuma ya tafi gari, don a ganinsa firij na ofishinsu ne, ɗakin haihuwa kuma na wasu. Gini ɗaya, mara lafiya ɗaya.

Mu ma na cikin gari kada mu yi ta nuna ƙauye da yatsa. Rigimar likitoci da sauran ma'aikata ta kai JOHESU, haɗakar ƙungiyoyin ma'aikatan lafiya da ba likitoci ba, yajin aikin makonni a 2018, asibitocin tarayya suka koma kufai. Wanda bai iya gaisawa da famasis ɗin da ke ƙofa ta gaba ba, shi zai je ya haɗa kan ungozoma da direba?

Dakta Nasiru:
Hajiya Hadiza, wannan tsohuwar rigima ce, kada mu buɗe ta yau, zauren ba zai ɗauke mu ba.

Murtala Mai Kemis:
Ina ta karantawa ban ga an ambace mu ba sai da zagi. To ku sani, kafin uwa ta kai yaro wurin Malam Aliyu, wurina ta fara zuwa. Ina buɗe har sha ɗayan dare, ina ba da bashi har kaka, ba na cewa a yanki kati. Akwai ɓata-gari cikinmu masu allura da sayar da abin maye, ban kare su ba. Amma ni ina da lasisi, an koya mini gwajin zazzaɓin cizon sauro na tsinke, na san yaron da ke numfashi da sauri haƙarƙari na shiga ciki, ko ya kasa shan nono, ko yana suma, ba nawa ba ne. In kuka bar mu a waje, mutane ba za su daina zuwa ba, ku ne dai ba za ku san abin da aka ba su ba.

Dakta Nasiru:
Malam Murtala, ka ajiye sirinji, ka riƙa rubuta abin da ka ba yaro a ɗan takarda uwar ta zo da shi, ni da kai ba faɗa.

Murtala Mai Kemis:
Takarda mai sauƙi ce. A daina yaga ta dai, kamar yadda Incaji ya ce.

Aliyu Incaji:
Akwai mutum ɗaya da ya fi mu duka sanin inda aka haihu: wanzami. Ba gidan da za a yi suna bai shiga ba. An taɓa gwadawa a jihar nan, aka ba wanzamai kati suna miƙa wa maigida ya kai jariri rigakafin farko. Ni na ci gaba da yi da na garinmu ba tare da wani shiri ba. In ya yi aski ya biyo ta wurina ya ce gidan wane an samu ƙaruwa, ni kuma in shirya allurar BCG ta rigakafin tarin fuka da ɗigon shan inna. Magana daga bakinsa zuwa kunnen maigida ta fi tawa shiga, don kakansa ne ya yi wa kakan maigidan kaciya.

Dakta Nasiru:
Wanzamin da ke cire belu da aska ɗaya gida goma? Na ga jariran da jini ya ƙare musu ta nan, na ga masu sandarewar haƙora.

Aliyu Incaji:
Shi fa. Da ina gaba da shi yana cirewa, ban sani ba. Yanzu da muke shiri na samu bakin ce masa ya bar na jarirai, kuma reza sabuwa kowane kai. Bai bari duka ba, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma ya rage, kuma in jini ya ƙi tsayawa yanzu da gudu yake kawo mini maimakon ya ɓoye.

Baba Sani Mai Ritaya:
Haka aka ci shan inna. Sai da Mai Alfarma Sarkin Musulmi ya tara sarakunan Arewa a 2009, maganar ta sauko ta hakimi da dagaci da mai unguwa, sannan ƙofofi suka buɗe, har aka kai ga shaidar kawar da ƙwayar cutar ta asali a 2020. Kuma ku dubi maganin zazzaɓin damina da ake bi gida gida ana ba yara 'yan wata 3 zuwa 59, wata wata. Mutanen gari ne ke rabawa, malamin asibiti na duba su. In an ga dama ana iyawa. Illa dai kowane shiri da mutanensa da rigarsa da littafinsa, ranar da ya ƙare a watse.

Malam Bashar:
To mu koma kan kuɗi, don ban ga an amsa mini ba. Wa zai biya Hajiya Kulu, wa zai sa wa Alhaji mai?

Hadiza Famasis:
Akwai ƙofa ɗaya da mutane ba su sani ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya don lafiya a matakin farko. Wani kaso na shiga kai tsaye asusun asibiti ɗaya da aka zaɓa a kowace mazaɓa, kuma ba incaji kaɗai ke sa hannu ba, har da shugaban kwamitin ci gaban mazaɓa. Wani kason ta SOCHEMA, hukumar inshorar lafiya ta jiha, yake bi don a yi wa marasa ƙarfi rajista. Bai isa albashi ba, amma ya isa gyaran ƙofa da famfo da sayen magani. Malam, ka san wa ke shugabantar kwamitin mazaɓarku?

Malam Bashar:
Ban sani ba. Zan tambaya, kuma in na tarar ɗan'uwan kansila ne za ku ji ni.

Alhaji Ummaru Direba:
Kuɗɗin mai kada a kai su asusun gwamnati, in sunka shiga can sai an cika takarda bakwai. A aje su cikin gari, hannun wanda ba a jin nauyin tashe shi da dare.

Hajiya Kulu:
Mu mata mun riga ku. A unguwarmu cikin adashe muke ware wani abu duk mako, yana hannun uwar adashe, na mota ne kawai. Wadda aka ɗauka da shi mijinta ya mayar bayan suna, in ya ƙi matarsa ce za ta sha kunya a cikinmu, don haka suna mayarwa. Abin da ba mu da shi direban da ya yarda a kira shi. Alhaji, ka turo mini lambar mutum biyu ta akwatin sirri, masu motar da ba ta mutuwa a hanya.

Dakta Nasiru:
Ni kuma ga nawa. Malam Aliyu, duk wanda ka turo ya faɗo hannuna, zan rubuta amsa a bayan takardarka: abin da muka samu, abin da muka yi, abin da za ka ci gaba da dubawa. Zan yi wa abokan aikina maganar, ban ce duka za su yi ba. Sharaɗina, ranar Laraba da yamma ka kira ni mu bi waɗanda ka gani a makon, har da waɗanda ba ka turo ba. In na ga gyara zan faɗa maka kai kaɗai.

Aliyu Incaji:
Na karɓa. Sai dai Laraba kasuwarmu ke ci, asibiti cike yake har magariba, kuma sabis sai na hau tudun makaranta. A mayar da shi Alhamis bayan la'asar. Akwai wata mai ciki wata takwas da ƙafafunta suka kumbura, awon jininta na hawa duk da maganin da na ba ta, mijin ya ce sai ya gama girbin gero. Da ita za mu fara.

Dakta Nasiru:
Wannan ba ta jiran Alhamis. Ka gwada fitsarinta yau, ka tambaye ta ciwon kai da ganin duhu-duhu, ka kira ni kafin magariba. Hajiya Kulu, wa mijin nan ke jin maganarsa?

Hajiya Kulu:
Ba garinmu ɗaya ba, amma irinsu liman ne ko yayan uwarsu. Malam Aliyu, ka fara da liman, ka tafi da ungozomar gidan.